Ɗakin da Mai Kwali Ta Yi wa Rufi

Haihuwarta da ƙuruciyarta

An haifi marigayiyar da kowa ya sani da laƙabin Mai Kwali a shekarar 1952, a wani gari na bakin layin dogo, cikin gidan haya da ke jijjiga duk lokacin da jirgi ya wuce. Mahaifinta mai gyaran agogo ne a wata rumfa kusa da tasha, mahaifiyarta kuwa tela ce ta cikin gida, wadda ba ta taɓa yarda an zubar da ƙyalle ba komai ƙanƙantarsa. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ta ɗauko halin iyayen biyu, wato haƙurin uban da rowar ƙyallen uwar.

Tun tana ƙarama ta fara tara kwalayen sabulu da na ashana tana gina ɗakuna, da gadajensu da labulensu. Sa'anninta suna goyon 'yar tsana, ita ko a jikinta, ɗakin take so. Yayyenta sukan tsokane ta da cewa ta cika gida da ɗakunan haya amma ta rasa ɗan haya ko ɗaya. Mahaifinta ne ya ga da gaske take yi, ya ba ta wani tsohon hantsakinsa na ɗaukar ƙananan kusoshin agogo, wanda ta yi aiki da shi kusan tsawon rayuwarta.

Neman ilimi

Bayan ta kammala firamare, a shekarar 1969 ta samu gurbi a makarantar koyon sana'a, sashen adon cikin gida. A nan ta faɗa hannun wani malami da ɗalibai ke kira Yatsa Tara, saboda zarto ya tafi da na goman tun yana saurayi. Shi ya koya mata awo da zanen taswira, da yadda ake rage falo guda ya dawo abin ɗorawa kan teburi ba tare da taga ta fi ƙarfin bango ba. Irin wannan ƙaramin ɗaki na kwali da katako shi ake kira samfuri, ana nuna wa mai gida kafin a sayi fenti ko a yanka labule. Ya kuma hana su duban aikinsu daga sama kawai. Sai mutum ya durƙusa ya sa ido a ƙofar, domin a cewarsa babu wanda ke shiga ɗaki ta sama.

Yatsa Tara ba ya sa mutum-mutumi a samfuri, don masu gidaje da yawa ba sa so. Maimakon haka yakan yanka 'yan silifa na fata, girman ƙwayar wake, ya ajiye a bakin ƙofa, da ganinsu ido zai gane girman ɗakin. Ƙa'idodinsa biyu ne: kada a yi wa samfuri rufi, kuma da zarar mai gida ya amince da aiki a ɗauke takalman. Da Mai Kwali ta tambaye shi dalili, sai ya ajiye rezarsa ya dube ta.

"Takalmi a ƙofa yana nufin akwai mutum a ciki," in ji shi. "In kika rufe sama kika bar takalmi, to kin yi ɗaki ke nan. Ɗaki kuwa ba ya zama haka nan."

'Yan ajin suka fita suna dariya, suna cewa da alama ba yatsa kaɗai zarton ya tafi da shi ba. Ita ma ta yi dariyar.

Sana'arta

A shekarar 1973 ta kama aiki a wani shagon kayan ɗaki, sannan a 1978 ta buɗe nata a saman wani kantin magani. Ta tsara falo da ofisoshi da ɗakunan otal ba adadi. Waya takan lanƙwasa ta yi sandar labule, dutsen ado ya zama fitila, tsinken ashana ya zama ƙafar kujera. Manyan mutane da rigunansu sukan durƙusa a gaban teburinta suna leƙe ta 'yar ƙofa, miji da mata suna gardama kan inda doguwar kujera za ta zauna, ita kuwa tana matsar da ita da hantsaki har su gaji su yarda da inda ta ajiye ta tun farko. Ba ta taɓa saɓa wa malaminta ba. Ana gama aiki takan tsince silifan ta jefa a gwangwanin alewa, ta bar samfurin a buɗe.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1975 ta auri wani malamin kimiyya, mutum mai raha wanda bai yarda da abin da ba a iya aunawa ba. Allah Ya ba su namiji a 1976, mace a 1979, wani namijin a 1981, sai Auta a 1984. Auta yarinya ce mai surutu, tana ɗan jan ƙafar hagu tun da ta fara tafiya, don haka kullum dunduniyar takalminta na hagu ke riga cinyewa. Ba ta son a rufe mata ƙofa ko da rana tsaka.

A shekarar 1990 suka kusa kammala ginin gidansu na kansu, Auta ta kafe sai an ba ta ɗakinta ita kaɗai. Uwar ta zaunar da ita a shago suka yi samfurin tare. Auta ta zaɓi bango ruwan ɗorawa, ta ba da tsohuwar rigarta aka yanka labule, ta ce silifan ƙofa su zama ja irin nata. Ana shirin tarewa zazzaɓi ya kama ta, bai yi mako ba ta rasu. Ɗakin gasken bai taɓa ganin kwananta ba, daga baya ma tarkace aka zuba a ciki.

Ɗakin Auta

Ranar da Mai Kwali ta koma shago bayan zaman makoki, ta tarar da samfurin a kan teburi, ƙura ta fara sauka kan ɗan gadon. Wannan ƙurar ce ta kasa jurewa. Ta yanko kwali ta shafa masa farin fenti, ta sa gam ta manne saman ɗakin ruf, ta bar jajayen silifan inda suke. Kada wani ya ce mantuwa ta yi, tana sane sarai. Ta ɗauko shi gida ta ɗora a saman kabad ɗin ɗakinta, ta bar 'yar ƙofar a ɗan buɗe.

Kowane hantsi takan taka kujera ta sa ido a ƙofar. Ba ta taɓa cewa ta ga kowa ba. Gado ne da darduma da labule, sai haske da ke shiga ta 'yar taga. Amma ƙura takan taru a kan rufin har a yi rubutu da yatsa, cikin ɗakin kuwa fes, kamar yanzu aka share. Bayan kamar shekara sai ta lura dunduniyar silifan hagu ta cinye. Maigidan ya ce aikin kyankyaso ne, har ya sayo magani ya barbaɗa. Ta tambaye shi wane kyankyaso ne ya san hagu da dama, ya yi dariya kawai. Ta yanka sababbi, ta ɗan ƙara musu girma.

A shekarar 1993 Yatsa Tara, wanda tsufa ya riga ya cim masa, ya zo gaishe su. Aka kai shi ƙofar ɗakinta don ya ga yadda ta tsara gidanta. Ya yi mata sallama, sannan ya ɗaga kai ya dubi saman kabad ya sake yin wata, ya ƙi shiga. Da ta raka shi bakin titi ta tambaye shi abin da zai faru in aka ɗaga rufin. Ya ce zai koma kwali, ba wani abu ba. Daga ranar babu abin da take tsoro a duniya kamar hannun da zai ɗaga rufin nan, domin a ganinta hakan sake binne Auta ne.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Duk lokacin da dunduniyar hagu ta cinye sai ta yi wasu. Don ta san girman da ya dace, takan bi ƙafafun sa'annin Auta da kallo a titi, har maƙwabta suka fara cewa matar nan ba ta duban fuskar mutum sai ƙafarsa. Da ta ga gadon ya yi wa budurwa gajarta, ta kwance shi da hantsaki ta cikin ƙofa, ta shigar da sabo gunduwa-gunduwa ta haɗa a ciki.

A shekarar 1998 maigidan ya gaji. Wata rana da ta tafi shago ya hau kujera da wuƙa, har ya sa tsininta a bakin rufin, sai ya sauko ya mayar da wuƙar kicin. Bai gaya wa kowa dalili ba, amma tun daga nan ya daina ɗaga murya a ɗakin. Sai a jinyarsa ta ƙarshe, a 2009, ya shaida wa babban ɗansu cewa labulen 'yar tagar samfurin a buɗe yake lokacin da ya hau, yana kallo aka ja shi.

Shekarunta na ƙarshe

Ƙaramin ɗanta ne ya gaji shagon. Shi a kwamfuta yake zana ɗaki, yana juya shi ta kowace fuska, uwar tana yaba masa tana cewa aibinsa ɗaya, ba ya warin gam. Duk da haka ta koya masa aikin hannu kaf, har da ƙa'idodin nan biyu da ita ta karya.

A shekarar 2018 hannuwanta suka fara karkarwa, har ta kai ba ta iya kai kofi baki sai ya zube. Bayan ta yanke yatsa, ƙaramin ɗan ya kwashe reza da hantsakin ya kulle a shago. Silifan hagu kuwa ya ci gaba da cinyewa har ya huje. Ta tara 'ya'yanta ta roƙe su su yanka wasu sababbi. Babban, wanda injiniya ne, ya ce baƙin ciki ne ya zame mata ciwo, maganinsa a buɗe kwalin kowa ya huta. Ta biyun, ma'aikaciyar jinya, ta goyi bayansa cikin lallashi. Ƙaramin shi ne ya iya aikin, amma sun riga sun haɗa baki, ya sunkuyar da kai kawai.

"Ban ce ku yarda da ni ba," in ji ta. "Ƙanwarku ce. Takalminta ya huje, tana taka ƙasa."

Abin da ta samu a wurinsu shi ne alkawarin ba za a taɓa rufin ba muddin tana raye. Babban bai ɓoye mata ba, ya ce ranar da ta kau ranar zai buɗe. Wannan magana ta yi mata ciwo ƙwarai. Shekara biyu ta yi ba ta iya hawa kujerar, sai dai ta kwanta tana kallon saman kabad tana ba da haƙuri a hankali, kuma duk gidan sun san ba su take bai wa ba.

Rasuwarta

Allah Ya yi mata rasuwa da hantsin wata Talata a shekarar 2021, tana da shekara sittin da tara. An yi mata sutura aka sallace ta bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar da aka kai Auta da mahaifinsu. Tsofaffin ɗalibanta da mutanen da ta ƙawata wa gidaje sun halarta da yawa.

Da aka dawo, babban ya cika maganarsa. Ya sauko da samfurin ya ɗora kan gado, ya zaro wuƙa. Ƙaramin ya ce a dakata, ya durƙusa ya sa ido kamar yadda aka koya masa, sai ya daɗe bai ɗago ba. Ƙofar da ta shekara talatin a ɗan buɗe tana rufe, ya tura da yatsa ta ƙi motsi, alhali uwarsu ba ta taɓa yi mata sakata ba. A bakin ƙofar ga jajayen silifa sababbi ful. Kusa da su ga wasu baƙaƙe, an ɗinke igiyar na dama da farin zare, daidai yadda na uwarsu yake. Duka suna fuskantar ciki.

Yayyen suka juyo suka dube shi. Ya rantse bai yi ba, ya ciro makullin shago daga aljihu ya nuna musu, hantsakin yana can a kulle. Babban ya tsaya da wuƙa a hannu, can ya ajiye ta, ya ɗauki ɗakin da hannu biyu ya mayar saman kabad a hankali don kada takalman su goce. Ma'aikaciyar jinyar ce ta ƙarshen fita, kuma sai da ta yi sallama kafin ta ja ƙofa.

Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya haskaka makwancinta. Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: babban ɗanta injiniya, da 'yarta ma'aikaciyar jinya, da ƙaramin ɗanta da ke riƙe da shagon, tare da jikoki tara. Ta huɗun, Auta, ba ta bar ta ba.