Rabon Maraƙi

Shekara talatin da bakwai ke nan gari bai taɓa waye wa Inna Mai Shanu a kan gado ba. Kafin zakara ya gama gyara murya ta ɗora ruwa a wuta, ta wanke bokiti biyu, ta nufi garke da tsumma mai tsabta a kafaɗa. Shanun goma sha ɗaya ne, kowacce da halinta. Takan fara da Gajeriya saboda ba ta da haƙuri, ta ƙare da Mai Tsiwa saboda sai an lallashe ta. Ta goge hantsa da ruwan ɗumi, ta zauna a 'yar kujerarta, ta jingina goshi da cikin saniya. Kan nono huɗu Allah Ya ba kowace saniya, amma uku kaɗai Inna take tatsa. Na huɗun na maraƙi ne. Haka ta tarar uwar mijinta tana yi, kuma ko bayan rasuwar maigidan ba ta sauya ba.

A kan wannan guda ɗaya aka so a durƙusar da ita. Shekara tara da suka wuce, wakilin kamfanin da motarsa ke ɗaukar madarar gidan ya zo da takalmi mai sheƙi, yana tsallake kashin shanu kamar mai tsallake garwashi. Ya ce madarar ta yi kaɗan. A raba maruƙa da uwayensu, a riƙa dama musu madarar gari, a tatse huɗun tas. In ba haka ba, mota ba za ta ƙara shigowa ba.

Babban ɗanta, wanda shi ke kula da abincin shanun, ya ja ta gefe. "Inna, kowa fa haka yake yi yanzu. In motar nan ta daina zuwa, wa zai saye mana madarar? Gonar za mu rasa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da na haife ka, ta gari na dama maka?" Sannan ta juya ga wakilin. "Ɗan nan, ka gaida mutan gida. A kula da takalmi wajen fita."

Motar kuwa ta daina zuwa. Kwana huɗu madara tana lalacewa a bokiti ana zubarwa. Ɗan ya daina cin abinci kusa da ita, maƙwabta suna cewa tsufa ne ya fara taɓa ta. Kada wani ya ce muku ba ta ji tsoro ba. Matar ɗanta ta same ta a bayan rumbun harawa tana kuka, tana ambaton sunan marigayi. Amma ran na biyar ta share fuska, ta wangale ƙofar gona, ta jawo benci biyu ƙarƙashin bishiya, ta tafasa madarar safe. Ta ce wa surukar tata, "Shiga unguwa ki faɗa musu, mai so ya zo da kwalbarsa, ya taho da 'ya'yansa su ga inda take fitowa."

Mutum shida ne suka zo ranar, har da ni da ƙaramar 'yata. Yarinyar nan a tunaninta a gwangwani ake haifar madara. Inna ta miƙa mata kofi mai ɗumi, ta kama hannunta ta kai bakin maraƙi. Da ya lashe ta da harshensa mai kaushi ta ƙwala ihu, sannan ta ce a sake. Telan bakin titi, mutumin da ba a cika ganin haƙorinsa ba, Mai Tsiwa ta share masa fuska da wutsiya, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Tun daga ranar ba ya fashi. Malamar makaranta ta fara kawo ajinta, masu jego suna aikowa, tsofaffi kuma su zo kawai don su zauna su shaƙi ƙamshin ciyawa suna kallon maruƙa suna tsalle.

Ke ce, Inna, kika nuna mana cewa ana iya cewa a'a ko ana jin tsoro. Ke ce aka ce gonarki ba za ta kai wata guda ba, ga shi maruƙan da kika ƙi zalunta sun zama uwaye. Kainuwa dashen Allah! Wallahi ina alfahari da na san ki.

A watan jiya sanyin ƙashi ya ƙwace mata yatsu, likita ya ce tatsa ta ƙare. Kujerar ta koma hannun ɗan nan da ya so a tatse huɗun, kuma kowa ya ga hankalin Inna bai kwanta ba. Safiyarsa ta farko mutane sun cika benci har da na tsaye, madara kuwa ta ƙare da sauran kwalabe bakwai a layi. Inna tana zaune gefe, hannuwanta a cinya. Ɗan ya dubi layin, ya dubi hantsar Mai Tsiwa, ga na huɗun nan a cike taf. Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙe ya kwance maraƙin.

"Ku yi haƙuri, ta ƙare, sai gobe."

Wani baƙo ya ce, "Haba malam, ga ta can da saura!"

"Da mai ita," in ji shi.

Inna ta sunkuyar da kai tana goge ido da bakin mayafi. Da ta ɗago, abin da ta ce kawai shi ne, "Riƙon bokitin naka dai har yanzu na 'yan koyo ne."

Mun gode, Inna. Allah Ya ba yatsun nan sauƙi, Ya saka miki da alheri. Ku kuma da ake matsa wa lamba ku tatse sana'arku tas don wani ya ji daɗi, ku zo ku ga tsohuwar da ta ƙi, kuma gonarta tana nan. Sai dai ku yi sammako, domin in rabonku ya ƙare, ko kuka za ku yi ba mai taɓa muku na maraƙi.