Takalman Abba

Idan kaka ta yi, aka tuge gyaɗa, kakarmu Falmata takan hura wuta a tsakar gidanmu na Birni bayan sallar isha'i. Mu jikokinta mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa cikin toka. Ni take zaunarwa a jikinta, domin Abba Bukar, mahaifina kuma babban ɗanta, ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Libiya tun ina rarrafe, labarinsa ya yanke. Abin da ya bari gona ce a Droum, sai takalman fata da Kaka ta ajiye a kan akwatinta tana shafa musu mai.

Kaka, Allah Ya jiƙanta, a ƙasa ta je Makka da ƙuruciyarta. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, ta yi aikatau a gidan wasu Indiyawa ƴan kasuwa. Can ta ga bikinsu na Diwali. Ta ce sukan share gida ƙal, su yi zane da gari mai launi a bakin ƙofa, su raba wa maƙwabta alewa. A daren da wata ya ɓuya kuma, su jera ƙananan fitilun yumɓu a kan katanga da bakin hanya. Dalilin fitilun nan ta mayar mana tatsuniya.

"Ga wata nan daga bayan teku," in ji ta, "ku ba ni kunne."

Wai wani ɗan sarki aka kora daji shekara goma sha huɗu, bai yi laifin komai ba. Aka ce ƙanensa ya hau gado, ya ƙi. Ya bi wansa daji, ya roƙo takalmansa, ya ɗora su a kan gadon sarauta, shi kuwa ya zauna a ƙasa yana tsare masa gari. Daren da wan zai komo duhu ne ƙirin, sai mutanen gari suka jera fitilu don kada ya ɓata hanya.

Mu yara wurin fitilun muke so. Kaka kuwa wurin takalman take jan murya, idonta na kan zaure, inda Baffa Kyari, ƙanen Abba, yake zama da rediyonsa.

Wata shekara wani dillali ya yi ta zarya wurin Baffa a kan gonar Droum. Sai Kaka ta sayo ƴan kasaken garin Mirya, ta zuba man gyaɗa, ta murza lagwani da auduga, ta jera su daga zaure har bakin lungu. Baffa ya dawo ya tarar.

"Iya, mene ne haka? Hajiya guda da bautar wuta?"

"Kyari, na yi sallah a gaban Ka'aba tun ba a haife ka ba. Ba wuta nake bauta wa ba. Ɗana nake haska wa hanya."

"Ɗanki rairayi ya cinye shi. Mai sayen gonar yana jira."

"Ka ga gawarsa?"

Baffa ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya yana takewa, har ɓallin kasko ya tsinke masa takalmi. Kaka ta riƙe hannuna, ruwa na bin kumatunta.

"Maigidana, kar ka damu," ta ce. "Hayaƙi ne."

Da safe Baffa ya shiga ɗakinta ya sauko da takalman Abba. "Aro ne, Iya," ya ce. Da su ya tafi Droum ya sayar da gonar. Kaka ta ci gaba da hura wuta, amma ba ta ƙara yi mana wannan tatsuniya ba har ta koma ga Ubangijinta. Abba bai komo ba.

Bara na ga bikin Diwali a tele, garuruwa sun cika da fitilu. Aka ce ma'anarsa haske ya rinjayi duhu. A gidanmu dai bai rinjaya ba. Na yi karatu, na san ibadarsu ba tamu ba ce, ban kuma taɓa kunna kasko ba. Sai dai yanzu na gane Kaka ba mu take yi wa labarin ba. Ɗanta Kyari take roƙo, a gaban jikoki, ya tsare wa wansa wuri, ta hanyar da ba za ta kunyata shi ba. Shi kuwa ya ji, sai ya ɗauko addini ya rufe mata baki.

Baffa ya tsufa. Duk Juma'a nakan je gaishe shi, don Allah Ya hore mu da zumunci. Nakan durƙusa, in ce "Baffa, ina wuni." Yana sa mini albarka, ni kuwa ƙafarsa nake kallo.