Sunan da Kakata Ta Zo da Shi daga Rugga

Ina aji uku a sakandaren Jega malamin tarihi ya ba mu labarin wata sarauniyar mutanen Nahuwa, can ƙasar Meziko. Turawan Sifen suka ci garinsu, suka sa ta addininsu, suka raɗa mata suna irin nasu. Na yanka kuwa, ya ce har yau masana ba su daidaita a kansa ba.

Ni da bakina ba ya riƙe labari, da hutu na kwashe shi sai Aliero. Na tarar da Kaka a rumfa tana tsince albasa, tana jefar da ruɓaɓɓu gefe. Kai, ina kewar warin rumfar nan! Na zauna na zazzage mata duka, har da ƙarin gishiri.

Ta ce, "Awo. To ke mai boko, ni mi ne sunana?"

Na ce, "Ta Rugga mana."

"Ji sakarya! Uwata ta haife ni ta ce mini Ta Rugga?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Ashe da aka kawo ta amarya daga ruggarsu ta wajen Maiyama, sunanta ya zo ɗaya da na uwar mijinta. Wa zai kama sunan uwar miji a tsakar gida? Sai aka laƙaba mata wannan, ya bi ta har furfura. 'Ya'yanta ba sa faɗin na ainihin don kunya, mu jikoki ba mu taɓa tambaya ba, waɗanda suka kira ta da shi duk sun rasu.

Ta goge hannu a zanenta, ta jawo kunnena ta faɗa mini. Ta ce, "Maimaita in ji." Na maimaita. Ta ce in ƙara. Sau uku, hawaye na zubo mata, tana cewa albasa ce. Albasar da ko yanka ta ba a yi ba.

Bayan rasuwarta na haifi mace, na roƙi maigidana aka sa mata sunan. Nan take dangi suka koma kiran jaririyar Inna, wai ba a kama sunan tsohuwa. Babana har yau kau da kai yake in ya ji.

Ni dai da sunan nake kiranta, da ƙarfi, ko aiken yarinyar zan yi. Su ce ba ni da kunya, na ji. Kuma duk na kira, ana amsawa.