Yadda Na Ɓata Sunan Baba Idi a Banki

Ni haifaffen cikin garin Daura ne. Mahaifina baduku ne, ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, bai bar mana dukiya ba sai ɗan gida da mutunci. Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana suna makaranta. Kafin abin da zan ba ku labarinsa, ban taɓa taɓa kayan kowa ba.

Da na gama makaranta sai na samu aikin wakili a wani ƙaramin banki mai ba manoma da masu sana'a rance. Aka ba ni babur. Aikina in zaga ƙauyukan Sandamu da Zango, in karɓo abin da masu rance ke biya duk wata, in kai banki a ranar. Mutane sun yarda da ni saboda Baba Idi, wani manomi a wajen Sandamu da suka yi abota da mahaifina tun suna samari. Shi ya tsaya a gaban mutanen ƙauyensu ya ce, "Wannan ɗan aminina ne. Duk wanda ya ba shi, ni ya ba."

Wata Juma'a na dawo a makare, na tarar an rufe banki, kuɗin suka zauna a aljihuna. Ranar Lahadi na raka wani abokina dillalin dabbobi kasuwar Mai'aduwa. Da ya ji abin da nake ɗauke da shi sai ya ce, "Kuɗi na kwance a aljihu alhali ga raguna da arha? Kafin la'asar mun sayar." Haka kuwa aka yi. Ranar Litinin na kai wa banki kuɗinsa cif, na riƙe riba. Ba wanda ya tambaye ni komai.

Daga nan abin ya zama mini jiki. Kwana biyu ya koma mako, mako ya koma wata, har ya zarce. Ina ce wa kaina ai ba sata nake yi ba, tunda ina mayarwa. In wani ya ce banki ya turo masa saƙo a waya cewa bai biya ba, sai in ce masa matsalar na'urarsu ce, ya share. Daga baya na zuba kuɗin mutane a buhunan riɗi, farashi ya faɗi, na tafka asara. Sai na koma toshe bashin wancan da kuɗin wannan.

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, duk jinkirin nan ba a sunana ake rubuta shi ba. A sunan masu rancen ake rubutawa.

Da damina ta ɗauke, Baba Idi ya je wani banki a Daura neman rancen injin ban-ruwa, zai yi noman rani na albasa. Ya riga ya kama fili, ya sayi iri. Suka duba lambarsa ta shaidar banki, wato BVN, suka ce ba za su ba shi ba, wai tarihinsa ya nuna mutum ne mai jinkirin biya. Ya zo ya same ni a ƙofar gidanmu da rana tsaka, ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Ɗana, wai an ce ni ne ba na biyan bashi kan lokaci. Ni da nake sayar da gerona tun kafin ranar ta zo?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kuskure ne. Zan je in gyara."

Ya ce, "To. Ni ma zan je in ji."

Ya je har bankin da nake aiki. Manajar bankinmu, Hajiya Rabi, ta sa aka tara mutanen ƙauyen, kowa ya faɗi ranar da ya ba ni kuɗi. Aka kama ni. A gaban alƙali ban yi musu ba, aka yanke mini ɗauri.

Ina gidan yari Hajiya Rabi ta zo. Na ɗauka zagi ya kawo ta. Na ce mata 'yan'uwana sun sayar da rabona na gida, za a biya abin da ya rage. Ta ce, "Wannan mai sauƙi ne. Kai dai har yanzu ba ka gane ɓarnar da ka yi ba." Ta yi mini bayani cewa bankuna suna aika labarin kowane mai rance zuwa kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane: wanda ya biya a kan lokaci, wanda ya makara, da tsawon makarar. Ko mutum ya biya daga baya, alamar jinkirin tana nan shekaru, kuma duk bankin da ya je za su gani. Ta ce, "Hanyar wanke su ɗaya ce, mu nuna sun biya a kan kari, kai ka riƙe. Ka zauna ka tuna, mutum bayan mutum, ka sa hannu."

Ba dolenta ba ne. Tana iya karɓar kuɗin banki ta rufe magana. Amma ta yi ta zuwa, muna bin sunayen, ina faɗa tana rubutawa. A nan na fara jin nauyin abin da na yi. Akwai mai ƙuli-ƙuli da aka hana rancen injin niƙa. Akwai tela da ya rasa rancen keken ɗinki ana gab da Sallah. Gyaran ya ɗauki watanni, kuma kafin a gama, ranin Baba Idi ya wuce. Irin ya lalace, mai fili ya ba wani, babban ɗansa ya tafi ci-rani kudu.

Da na fito ba wanda zai ɗauke ni aiki, kuma ban ga laifinsu ba. Mahaifiyata ta ce kafin komai in je Sandamu. Na sami Baba Idi a lambu, injin yana ta aiki, ashe an wanke sunansa ya samu rancen a shekarar da ta biyo baya. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Tashi, kana tattaka mini yabanya." Da na tashi ya ce, "Na yafe maka tun kana ciki. Amma kada ka ɗauka ba a yi asara ba. Ranin nan ba zai dawo ba." Ya miƙo mini fartanya ya nuna mini inda ruwa ya ɓalle.

Har yau tare muke. Ina da nawa ɗan kwamin albasa a gefen nasa, da shi nake ciyar da iyalina. Sauran mutanen na bi su gida-gida. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa, kuma suna da gaskiya. Na gode wa Allah da Ya tona ni tun ban salwantar da ƙauye guda ba. Na gode wa Hajiya Rabi, na gode wa Baba Idi.

'Yan'uwana matasa, in kun ci bashi, na banki ne ko na waya, ku riƙe ranar biya kamar yadda kuka riƙe adadin kuɗin. In kun ga ba za ku iya ba, ku je ku faɗa musu kafin ranar, ba bayanta ba. In kun biya ta hannun wani, ku tabbata ya shiga, kuma kada ku bari kowa ya ce ku share saƙon banki. Kuna da ikon neman ganin tarihinku, ku sa a gyara in akwai kuskure. Ku taya iyayenku da ba su iya karatu ba dubawa.

In kuma kai ne aka ba saƙon kuɗi ka kai, ka kai yau. Ni ma da niyyar mayarwa ranar Litinin na fara.