Ya'akubu Ɗan Alheri, Mawaƙin Bololo

A Bololo, wata unguwa ta Injamena babban birnin Chadi, aka haifi Ya'akubu, a ɗakin haya na bayan wani shagon faci. Mahaifinsa Ladan Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye na kudancin Katsina, ya zo Injamena tun yana saurayi, ya kama facin taya bai koma ba. Gidansu kaɗai ne a layinmu ake zuwa coci ran Lahadi. Ban taɓa jin an tsangwame su ba. Da Sallah mahauta suna aika musu nama, da Kirsimeti uwar Ya'akubu takan cika mana faranti da shinkafa.

Yana lise, wato sakandare, ya fara waƙar hip-hop, irin wadda ake jero kalmomi da sauri a kan kiɗa. Da Faransanci ya fara, kamar sauran samari, yana yabon kansa yana zagin gwamnatin da bai sani ba. Rasuwar uwarsa ce ta juya shi. Ya ce da Hausa take masa addu'a, saboda haka da Hausa zai yi wa Yesu Almasihu waƙa. Ya sa wa kansa suna Ɗan Alheri.

Mai haɗa masa kiɗa abokinsa ne na yarinta, Muntasir, ɗan wani babban mahauci a unguwar Marjandafak, Musulmi mai kiyaye salla. Yana da tsohuwar kwamfuta a wani ƙaramin shago a unguwar Klemat. In la'asar ta yi sai ya dakatar da aiki ya fita alwala, Ya'akubu ya zauna yana gyara baitinsa har ya dawo.

Muryar Ya'akubu tana da kauri da ɗan kaushi, kuma Hausarsa tana zuba kamar ruwan ƙorama. Matsalar ita ce wa zai saurara. Masu jin Hausa a garin nan Musulmi ne, suna yaba gwanintar, amma da sun ji abin da yake faɗa sai su rage sautin wayar cikin ladabi. Kiristocin garin kuwa galibi mutanen kudu ne, da yaren Ngambai da Faransanci suke yabo. Ya taɓa hawa dandali a wani bikin mawaƙa, ya yi waƙa biyu yana gumi, jama'a suna kallonsa suna cin gyaɗa. Wani daga baya ya ɗaga murya da Larabci ya ce, "Kalas, ya isa, a kawo na gaba!"

A cocinsu ma bai tsira ba. Ranar bikin matasa aka ba shi dama. Kiɗan bai yi nisa ba wani dattijon coci, Baba Ngarta, ya miƙe ya sa aka kashe lasifika.

"Ɗana," ya ce, "wannan kiɗan na mashaya ne. Ba a shigo da shi gidan Ubangiji."

"Baba, ku ji kalmomin tukuna. Zabura ce."

"Ba na jin yarenka. Ƙafafun yaran nan nake gani, sun fara rawa."

Ya'akubu ya naɗe wayoyinsa ya koma kujerar baya, ya zauna har aka tashi.

Bayan wannan sai na Muntasir ya zo. Maganar ta kai kunnen mahaifinsa cewa ɗansa ne ke buga kiɗan waƙoƙin coci. Tsohon bai yi faɗa ba, ya dai tura shi garin Abeshe mai nisa ya zauna can yana sayen shanu. Ranar da zai tafi ya kawo wa Ya'akubu kwamfutar a cikin buhun shinkafa.

"Komai namu yana ciki," ya ce. "Ka yafe ni, abokina. Ba zan iya da Alhaji ba."

"Ai ba ka yi laifi ba. Allah ya kai ka lafiya."

A lokacin Ya'akubu ya riga ya auri Denemaji, 'yar garin Mundu mai sayar da soyayyen kifi, sun haifi 'ya sun sa mata Salama. Haya a Bololo ta fi ƙarfinsu, sai suka ƙetare gada zuwa Waliya, inda ya gina ɗakin ƙasa ɗaya. Da rana yana klando, wato haya da babur, da yamma yana koya wa kansa haɗa kiɗa. Salama ta haddace amshin waƙoƙinsa tun bakinta bai gama buɗewa ba, tana tsalle a kan tabarma tana ɓata kalmomin.

Sau ɗaya abin ya yi kamar zai buɗe. Wata waƙarsa ta bi wayoyi har ta isa Najeriya, wani fasto a Kaduna ya kira shi ya ce matasan cocinsa suna rera ta, yana so ya zo taronsu na Disamba. Ya'akubu ya zo har Bololo ya faɗa mini, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce, "Kawu, ashe akwai inda ake jira na!"

A damanar shekarar, ta 2022, kogunan Shari da Logon suka cika suka tumbatsa. Ruwa ya shiga Waliya yana wurin aiki. Kafin ya iso, bangon ɗakin ya zauna, Denemaji tana tsaye a kan tudu da Salama a goye da tukunya ɗaya a hannu. Kwamfutar tana ƙarƙashin laka. Masu gyara a kasuwa suka buɗe ta suka girgiza kai. Aikin shekaru ya tafi, sai waƙoƙi kaɗan da suka rage a wayoyin mutane.

Aka kai su sansani a Tukra, cikin rumfunan leda, sauro kamar a ɗebo da kwano. Zazzaɓi ya kama Salama. Suka ba ta magani ya sauka, ya sake dawowa da ƙarfi. Ya ɗauke ta a babur, uwar tana riƙe da ita a tsakiya, hanya duk ruwa da cunkoso. Da suka isa asibiti ma'aikaciyar ta taɓa yarinyar, ta dubi uwar, ta ja zane ta rufe wa yarinyar fuska.

A wurin jana'iza Baba Ngarta ne ya jagoranci addu'a. Da ya gama sai ya juya ga Ya'akubu, idonsa jawur.

"Ɗana, an ce yarinyar tana son waƙoƙinka. Yi mata ɗaya. Da yarenka, yadda kake yi."

Ya'akubu ya matso bakin ramin. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Mutane suka jira har jiran ya yi nauyi, sannan matan suka ɗauki wata waƙar Ngambai, maza suka fara tura ƙasa.

Bai je Kaduna ba. Faston ya yi ta kira har ya gaji. Denemaji ta ce za ta je Mundu ta ga uwarta ta huta, ta tafi, har yau suna gaisawa a waya amma ba ta sa ranar dawowa ba. Muntasir ya zo gaisuwa daga Abeshe, ya yi ƙiba, ya ce zai saya masa wata kwamfutar. Ya'akubu ya gode masa ya ce ya bari.

Yanzu yana kwana a tsohon shagon facin mahaifinsa, wanda ya rasu bara. Ran Lahadi yana zuwa coci, ya tashi in an tashi, ya zauna in an zauna, leɓensa ba ya motsi. Kwanakin baya ya ɗauko ni a babur daga Klemat, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya daina ba da gaskiya ne.

"A'a, Kawu," ya ce, bai waiwayo ba. "Na san yana nan. Abin da zan ce masa ne ba ni da shi."

Ya sauke ni a bakin babbar kasuwa. Wata mata da kwandon tumatir ta ɗaga masa hannu, ya taimaka mata ta ɗora shi a kan tanki, suka shiga cikin motoci.