Sharu da Irin Kakansa

Ranar Talata, 11 ga Yuni 2019, Sharu Tijjani ya fara zuwa teburina a ofishin ƙungiyar manoma ta Hawata, inda nake rubuta ruwan saman da aka samu. Shekarunsa sittin da takwas, yana riƙe da ɗan gora da aka toshe da tsumma.

Ya ce, "Ya ustaz, duba mini littafin nan. Damina ce ta gajarce, ko ni ne na tsufa?"

Na ce, "Duka biyun, Baba."

Haka littafin ya nuna. Ruwa yana makara, ya zubo da ƙarfi cikin 'yan kwanaki, ya ɗauke da wuri, zafi kuma sai ƙaruwa yake.

Irin dawa ne a cikin goran. Kakansa ya taho da shi daga yamma a hanyarsa ta zuwa Makka, ya yada zango a bakin kogin Rahad, a dawowa kuma ya zauna. Dawa ce doguwa mai farar ƙwaya, sai ta sha ruwan wata huɗu take nuna. Kowa ya koma mai saurin nuna, Sharu kaɗai ya rage da ita.

Ka'ida biyu kakan ya bari. Ba a shuka sai shamuwa ta yi sheƙa a aduwar bayan gida. Idan za a shuka kuma, a bar rabin iri a gora.

Da can wurin nan kurmi ne. Gari ya cika ya batse, aka sare itatuwa aka yi gawayi, tarakta ta share sauran, aduwar Sharu kaɗai ta tsira. Matarsa Hajar ta rasu, 'yarsa Khairiyya tana aure a garin Fau. Shi yake dafa abincinsa, ya ci a gindin aduwar, yana ɗaga kai jefi-jefi.

Shekara biyu shamuwa ba ta zo ba. Ya jira har ya makara, ya shuka babu alama, bai mayar da ko irin da ya zuba ba. Abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba.

A Yunin 2022 sai ga ta, su biyu, suna ɗibar ƙirare. Sharu ya sa a ransa daminar da ce ta dawo. Ya juye goran kakaf ya shuka.

Maƙwabcinsa Elfadil, direban tarakta, ya leƙo ta kan shinge. "Ya hajj, duka? Tsuntsun nan da kai da shi ba wanda yake jin hasashen ruwa a rediyo!"

"Ya riga rediyonka zuwa garin nan," in ji Sharu, yana rufe rami da diddige.

Dawar ta fito, ta wuce tsayinsa. Kullum da hantsi yana cikinta yana shafa ganye. Ranar 9 ga Satumba ma'aunin ofishinmu ya ɗauki ruwan ƙarshe, daidai lokacin da dawar ta fara fid da kai. Zangarniyoyin suka bushe babu ƙwaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa a tafinsa, kwana uku. Karan ya bai wa awakin Elfadil.

A Janairun 2023 Khairiyya ta zo ta tafi da shi Fau. Can ya rasu a watan Maris na shekarar da ta biyo. Wanda ya karɓi gidan ya sare aduwar, ya gina ɗakuna biyu a wurin.