Kunyoyin da Suka Bi Gangare

Bayan gidana, a ƙauyenmu kusa da Yankara, akwai ɗan fili wanda tsawonsa bai wuce taki ashirin ba, faɗinsa kuwa taki goma sha biyu. Gidan a gindin dutse yake, saboda haka filin ba a shimfiɗe yake ba. Idan ka ajiye ƙwarya a samansa sai ta gangara da kanta har darnin da ke ƙasa ya tare ta. Bayan darnin nan gidan Gwaggo yake, yayar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Rumbunta na ƙasa yana dab da darnin, an ɗora shi a kan duwatsu. Abin da ke cikinsa shi take ci daga kaka zuwa kaka.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa na yi rani biyu ina aikin lebura wurin masu gina hanya. Na dawo da keke da rediyo da kwanon rufi, da wani ji da kai wanda ban tafi da shi ba. Har biro nake saƙalawa a aljihun gaba, alhali ko harafi ɗaya na boko ban sani ba.

A lokacin kullum maganar rediyo ita ce kowa ya yi shuka, ko da a bayan ɗaki ne. Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, malamin gona ya zo a kan babur yana raba irin kayan miya a 'yan ƙunshi, tare da wata takarda mai zane. Da aka zo kaina na gaya masa filina gangare ne. Ya dubi biron nan.

"Ai kai ka yi boko ko?"

Mutane na tsaye, har da surukina. Na ce, "Na ɗan taɓa."

"To, ka hutar da ni. Duk maganar gangare tana cikin nan."

Na ninke takardar na tura aljihu kamar na saba.

A gida na yi ta juya ta. Zanen fili ne mai layuka a jere, ga wata kibiya a gefe, ga rubutu. Ban san ina ne samanta ba, ban san ina ne ƙasanta ba. Na je na tsaya a saman filin, na riƙe ta yadda layukan suka miƙe daga ƙirjina zuwa gaba, sai na ga sun yi mini kyau. Na tuna a wurin aikin hanya lambatu muke haƙa domin ruwa ya wuce da sauri. Na ce a raina, ashe haka masu ilimi suke yi da ruwa, korarsa suke yi.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne na san yadda ake yi. Mahaifina bai taɓa yin kunya ta bi gangare ba, kullum a gicciye yake yin ta domin ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. A filin nan ma akwai jerin duwatsu biyu da ya shirya tun ina ƙarami, da gamba da ya dasa a bayansu. Ni na kwashe duwatsun na tara su a gefe, na tumɓuke gambar, don suna ɓata mini layi.

Na kafa turaku na ja igiya. Kunya goma sha ɗaya na yi, kowace ta miƙe ɗoɗar daga sama har darni. Uku na dama tumatir, na tsakiya kuɓewa da barkono, na hagu yakuwa da alayyafo. Kabewa na sa a gindin darni don ta hau. Da yamma nakan zauna da rediyo ina kallonsu.

Rana ta uku Gwaggo ta hauro da sandarta. Ta daɗe tana dubawa.

"Kai ɗan nan, kunyoyin ga ina za su?"

"Sabon tsari ne, Gwaggo."

"Na ga duk sun dubi rumbuna. Ko gaisuwa za su zo mani?"

Na yi dariya na ciro takardar. "Haka gwamnati ta rubuta."

"Ita takardar ta taɓa yin damina a nan?"

"Waɗanda suka rubuta ta sun fi mu sani."

"Ina duwatsun ubanka?"

Na nuna mata tarin da baki. Ta dube ni, ta dubi biron, ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ta juya ta gangara a hankali tana dogara sanda.

Ruwan farko da na biyu ba su yi ƙarfi ba. Shuka ta fito kore shar. Na uku ya zo bayan azahar, irin wanda ke saukowa daga dutse da ƙara. Ina tsaye a ƙofar ɗaki na ga kowane kwari tsakanin kunya da kunya ya zama ƙorama. Duka suka haɗu a ƙasa wuri ɗaya. Darni ya kwanta. Jan ruwa da ƙasar filina da tumatirina suka bi ta kai, suka doki gindin rumbun.

Kafin in isa, ruwa ya ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsun. Rumbun ya karkata, ya tsage daga gindi, laka ta shiga. Gwaggo na tsaye cikin ruwa har ƙwauri, ta sa kafaɗarta ta tokare shi, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka. Na janye ta da ƙyar. Ni da mai ɗakina da maƙwabta muka yi ta jidar dammunan dawa a ka muna haurawa gidana. Na sama sun tsira. Na ƙasa, waɗanda suka fi yawa, sun sha ruwa da taɓo. Muka baza su a ɗakina mai rufin kwano, amma damina ce, babu ranar da za ta busar da su. Cikin kwana huɗu wasu suka fara tsiro, wasu suka yi fumfuna. Saura wata biyar kafin sabuwar dawa.

Washegarin ruwan mutane suka taru kallo. Akwai wani sa'ana, Kirista ne, ya yi karatu a wurin 'yan mishan, tun muna yara muke tsokanar juna. Ya ce in ba shi takardar nan da nake ta faɗi. Ban so ba, amma idon jama'a na kaina. Ya karɓa, ya juya ta a kwance, ya karanta a hankali yana bi da yatsa.

"Yi kunya a gicciye. Kada ta bi gangare. Jera duwatsu ko ka dasa ciyawa domin tare ruwa." Ya nuna kibiyar. "Wannan kuma hanyar ruwa ce take nuna maka." Ya ɗago. "Malam mai biro, takarda ta ce ka yi kunya, kai kuma ka yi ta iri biyu. Ta gona ruwa ya tafi da ita, ɗayar tana nan."

Aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Gwaggo ce ta katse su.

"Ku bar mani ɗa. Rumbun ga gara ta daɗe da cinye gindinshi, ko iska ta isa ta kada shi."

Ni na jidi ƙasar rumbun da hannuna, babu gara ko ɗaya a ciki. Wannan ƙaryar da ta yi domina ta fi dariyar yi mini nauyi.

Na kai mata hatsi daga nawa rumbun. Ta karɓa, amma ta ƙi zubar da nata. Takan tsince wanda bai lalace sosai ba, ta wanke, ta shanya a bakin murhu, ta gauraya da nawa. Tuwon yana da wani tsami da warin ruma. Ranar da na gane haka take ci, na fara zuwa ina cin na rana a wurinta. Ba ta hana ni ba. A nan ne wata rana na ce mata, "Gwaggo, ban iya karatu ba."

"Na sani," in ji ta. "Na ga yadda kake riƙon ta kamar faifai. Ƙara miya."

Ba nan da nan na shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Shekaru suka wuce ina jin nauyin zama a benci, sai da furfura ta fara fito mini na je. Biron dai tun makon nan na cire shi.

Filin kuwa a cikin daminar muka gyara shi. Gwaggo ta zauna a kan turmi a sama tana nuni da sanda, ni ina ɗaukar duwatsu ina mayarwa. Ban iya gane ainihin inda suke a da ba, ita ta tuna. Jeri biyu ta ce in mai da uku, tunda ƙasar sama ta tafi. Na nemo gamba a bakin rafi na dasa a bayan kowane jeri. Kunyoyin na yi su gajeru a gicciye, suna ɗan lanƙwasa yadda filin ya lanƙwasa, ba su da kyan gani ko kaɗan. Lokacin tumatir ya wuce, sai na sa wake da yakuwa da rama. A can ƙasa ta sa na haƙa ɗan rami mai faɗi inda ragowar ruwa zai kwanta, na dasa zogale a bakinsa.

Da kaka ta yi na kwaɓa ƙasa zan gina mata sabon rumbu. Na zaɓi wuri a can gefen gidanta, kan tudu, nesa da filina. Har na jera duwatsun gindi ta fito ta gani.

"Mi kake yi nan?"

"Nan ya fi tsaro, Gwaggo. Ko ruwa ya sake zuwa ba zai kai ba."

"Kwashe. Inda yake da za ka mai da shi."

"Ƙarƙashin filina fa."

"Shi ya sa. In yana nan, ba za ka sake yin shuka ba ka duba ƙasa ba."

Na kwashe duwatsun na mayar da su dab da darni, na gina shi a nan. Muka zuba sabuwar dawa, ta sa na ɗora masa jinka. Da damina ta dawo, duk lokacin da hadari ya haɗu nakan ɗauki fartanya in bi jerin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, in toshe inda ya buɗe, sannan in sauka in duba gindin rumbun. Ita kuwa tana ɗaki tana kaɗi, ko leƙowa ba ta yi.